Sawun Tsutsa a Rijiya ta Takwas

A ƙarƙashin ƙauyen Tungar Maiƙaya akwai teku. Mutanen garin suna taka samanta kullum, suna ɗaure jakuna a kanta, amma ruwan da za su sha sai matansu sun yi tafiyar rabin yini zuwa wani tafki da shanu ke fitsari a ciki.

Abin haushin shi ne ba ƙin haƙa suka yi ba. Rijiya bakwai suka haƙa, suka kuma cike bakwai ɗin da hannunsu. Duk rijiyar da ta kai gaba ashirin da biyu sai diga ta ci karo da wani farin dutse shimfiɗaɗɗe, jikinsa duk zane, wasu a miƙe, wasu a lanƙwashe, wasu sun hau kan juna. Masu haƙa suka sa masa suna allon aljanu. Al'adarsu, wanda ya fara hango shi sai ya runtse ido, ya ba da haƙuri sau uku, a jawo shi waje. Daga nan a yanka baƙin bunsuru a jefa, Sarkin Haƙa ya zuba kwandon ƙasa na farko, gari ya taru a cike ramin. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya dubi dutsen nan da kyau. Shekara arba'in ana wannan aikin banza, ana kiransa ladabi.

Ranar da rijiya ta takwas ta taɓa allon, mai gari Korau ya tara jama'a a bakinta da hantsi. Ya ce magana ta ƙare, a cike wannan ma, kafin bazara kowa ya kwashi iyalinsa ya nemi garin da zai karɓe shi. Tungar Maiƙaya ta tashi ke nan.

Sai Bagudu ya ratsa mutane ya fito. Shi ne ɗan autan Sarkin Haƙa Nomau, bai daɗe da dawowa daga jami'a ba, inda ya karanci ilimin ƙasa da duwatsu.

"Baba," in ji shi, "wallahi abin nan ba rubutu ba ne. Sawun tsutsa ne. Nan wurin dā teku ce, tsutsa ta yi rami a cikin laka, lakar ta daskare ta zama dutse. Ruwa yana ƙarƙashinsa."

Mai gari ya dubi Nomau. "Sarkin Haƙa, shekara huɗu yaro yana birni, tsarabar da ya kawo mana ke nan? Tsutsa?"

Aka bushe da dariya. Wani tsoho ya ce a tambayi ɗan boko ko tsutsar da alkalami take yawo.

Bagudu ya juya ya fuskanci jama'a. "Ku yi ta dariya! Yaya Tumba ba ta yi dariya ba ranar da ta yi ɓari a hanyar tafki da tulu a ka. Ranka ya daɗe, kai ba ka taɓa ɗebo ko moɗa ɗaya ba, shi ya sa ƙaura ta yi maka sauƙin faɗa. Ba ladabi ba ne wannan, tsoro ne kuka naɗa wa rawani. Kai kuma Baba, rijiya bakwai ka binne da hannunka, idonka a rufe kamar makaho, kuma ana ce maka sarkin sana'a!"

Nomau bai ɗaga murya ba. Ya kwance igiyar da ke ƙugunsa ya jefa a gaban ɗansa.

"Tunda ka fi ubanka ido, shiga. In an kira la'asar ba ka girgiza igiya ba, ka zama nasu. Ni zan zuba kwandon farko, ko kana ciki."

Bagudu ya ɗaura igiya, ya rataya diga, aka zura shi. Da ƙafarsa ta taɓa gindin rijiya bai ko yi bismilla ba don fushi. Ya ɗaga diga ya sari dutsen iya ƙarfinsa. Diga ta yi tsalle kamar ta bugi ƙarfe. Ya sake sara, hannunsa ya yi tsami. A sara na uku sai ɗaya daga cikin zanen nan ya buɗe baki, ya yi ta faɗi har ya kai bakin randa, igiyar ta kwance da kanta, ramin ya zuƙe shi.

Ya daɗe yana gangarawa kafin ya faɗi a kan wani farin rairayi mai ɗanɗanon gishiri. Ya ɗaga kai, sama ta dutse ce, tana ba da wani haske mai dishi-dishi. Ko'ina katantanwa ce, wasu sun kai girman rumbu. Ga ƙasusuwan kifaye a kwance, haƙarƙarinsu ya fi tsayin zaure.

"Kai ne mai buga mana rufi?"

Wani aljani ne tsaye a kansa. Tsawonsa ya yi biyun mutum, fatarsa santsi gare ta irin ta tarwaɗa, gashin bakinsa huɗu ne dogaye suna motsi da kansu. Idanunsa jawur.

"Ni ne," in ji Bagudu. "Bagudu ɗan Nomau, daga Tungar Maiƙaya."

"Ni ne Ƙurungu, zagin Magajiyar Zurfi, mai share mata hanya. Tashi, ya kai ɗan Adam, ka ga aikin ubanka."

Ya fizgo shi ta wuyan riga ya juyar da shi. Tsaunuka bakwai ne na jar ƙasa jere a tsakiyar farin rairayin, a gindin kowanne ga ƙasusuwan bunsuru.

"Sau bakwai muna jin ƙarar diga," in ji Ƙurungu. "Sau bakwai muna share hanya muna cewa yau baƙi za su iso. Sai mu ji mushe ya faɗo, ƙasa ta biyo baya. Wa ya gaya muku muna cin akuya? Wa ya gaya muku muna rubutu a dutse? Duk abin da kuka yi kasalar sani sai ku rataya mana. Yaro ya yi zazzaɓi, mu ne. Rumbu ya zube, mu ne. An ga sawun tsutsa, mu ne. Mun gaji da ku!"

"Ai abin da nake gaya musu ke nan," in ji Bagudu da sauri. "Jahilai ne, ni kuwa..."

"Rufe mini baki! Su sun rufe ido sun binne, kai ka buɗe ido ka kai sara. Ka tsaya ka karanta abin da ke jikin dutsen kafin ka ɗaga diga? Ko sallama ba ka yi ba. Me ka fi su da shi?"



Ƙurungu ya nuna masa wani kwari da ya gangara ƙasa. "Ruwan yana hannun Magajiya, ba ta kuma zuwa wurin kowa. Duk gangaren da ka sauka, zamani ka sauka. Ka ratsa Kwarin Haƙora, ka ratsa Ƙasar Shimfiɗa, ka bi gidan tsutsa. In ka isa, ka faɗi buƙatarka. In ba ka isa ba, za ka zama zane a jikin dutse, ubanka ya zo ya ba ka haƙuri sau uku."

Yana gama faɗa ya nitse cikin rairayi.

Kwarin Haƙora ba ƙasa a cikinsa ko kaɗan. Haƙoran kifayen dā ne zube, baƙaƙe, masu kaifin aska, wasu kamar tafin hannu. Bagudu ya yi taku goma takalminsa ya yage. A na sha ɗaya haƙori ya shige masa dunduniya, ya kwatsa ashar.

Nan take kwarin ya motsa. Haƙoran suka tashi sama suka jeru sahu biyu, suka zama wani wawakeken baki ba kai ba jiki, ya yiwo kansa. Ya faɗi rubda ciki, bakin ya datse a saman kansa, ya aske masa hula. Ya yi ihu, sai wani bakin ya sake haɗuwa a bayansa. Sannan ya lura: duk sanda ya ɗaga murya haƙoran ƙaruwa suke yi. Ya cusa habar rigarsa a baki ya cije. Haƙoran suka yi ta shawagi, suka rasa shi, suka zube ƙasa kamar tsakuwa. Haka ya ratsa kwarin, jini na bin sawunsa, zagi cike da bakinsa, bai bar ko ɗaya ya fita ba.

Bayan kwarin hanya ta yi ta gangarawa. Katantanwa suka ƙare. Ƙasusuwa suka ƙare. Ya fito wani fili da ba ya da iyaka, a shafe da wata koriyar fata mai yauƙi kamar saman kunun da ya huce. Ba rami, ba sawu, ba abin da ke motsi. A kan fatar nan ga wasu halittu kwance, faffaɗa kamar faifai, wasu kamar ganyen ayaba. Ba su da kai, ba su da baki, ba a sanin gabansu balle bayansu. Amma ya ji muryarsu a cikin ƙirjinsa, mai taushi, mai sanyi.

"Maraba da baƙo. Kwanta, ya kai mai ƙafafu. Ina za ka?"

"Ruwa nake nema. Ina hanyar gidan tsutsa?"

"Babu hanya. Ba a zuwa ko'ina. Haka muka tarar, haka za mu bari."

"Me ke ƙarƙashin wannan fatar?"

"Ba a tambaya. Wanda ya shimfiɗa ta ya san dalili. Abinci yana sauko mana daga sama, muna tsotsa ta jiki. Me ya rage? Kwanta kaɗan, ƙafarka tana jini."

Gaskiya ne, ƙafar tana zogi, fatar kuma laushi gare ta. Ya ce bari ya zauna na ɗan lokaci. Ya zauna, ya kishingiɗa, ya kwanta. Wani daɗi ya lulluɓe shi. Da ya dubi hannunsa sai ya ga yatsunsa sun fara haɗewa, tafin yana baje wa kamar waina. Bai ji tsoro ba. Ya ji a ransa, to, in garin ya tashi ma sai me? Kowa da rabonsa.

"Madalla," in ji muryoyin. "Ka fara hankali. Haka muka tarar."

Wannan kalmar ce ta sake sukarsa. Ita ya ji a bakin dattawa ranar da aka ɗauko yayarsa a kan jaki, zaninta jiƙe da jini. Wuta ta taso masa daga ciki.

"Ƙarya kuke yi!" Ya daka tsawa. "Kun tarar, kun tarar! Wanda kuka tarar ɗin, shi wa ya tarar? Matattu kawai masu numfashi!"

Ya tattara ɗan yatsa ɗaya da ya rage masa bai baje ba, ya caka a cikin fatar, ya yage ta. Wani baƙin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya bugo shi. Ƙarƙashin fatar baƙar laka ce da iska ba ta taɓa shiga ba. Halittun suka ɗau kururuwa, wai ya ɓata duniya. Ya ci gaba da tona, yatsunsa suna dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya ga ba shi kaɗai ke tona ba. Kusa da gwiwarsa ga wata 'yar tsutsa, ba ta kai ɗan yatsa ba, ruwan hoda, ta kafa kai a laka tana murɗawa. Ba ta ko dube shi ba. Ta shige, ta bar ɗan rami. Inda ta wuce baƙar lakar ta fara yin ja. Kafin ya ƙifta ido ramin ya buɗe ya ɗauke shi.

Ya sami kansa a cikin wani dogon rami na dutse wanda sai ya sunkuya yake iya tafiya. Gaba rami, baya rami, ba tsutsa ba alamarta. Muryar Ƙurungu ta fito daga bango.

"Ɗan Nomau, gefe ɗaya inda ta fito ne, yana komawa ga masu kwanciya, ba kuma za su sake sakinka ba. Ɗaya gefen inda ta nufa ne. Zaɓi sau ɗaya ake yi."

Bagudu ya yunƙura zai bi dama, don kawai nan fuskarsa take kallo. Sai ya tuna da tambayar da aka yi masa a farin rairayi, ya tsaya. Ya durƙusa ya shafa bangon a hankali. Akwai wasu layuka a jikinsa, lanƙwasassu, jere bi da bi, kamar an kifa ƙorai an jera su ɗaya cikin ɗaya a kwance. Ya taɓa ganin hotonsu a aji, ya haddace sunansu na Turanci don jarrabawa, amma bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi su ba. Yanzu ya yi ta kallo. Tsutsa tana haƙa a gaba, tana tura lakar baya, tana danna ta da gindinta. Ashe kowane layi gurbin gindinta ne. Inda bakin ƙoran ya kalla, can ta nufa.

Bakin ƙoran hagu yake kallo. Ya juya ya bi hagu.

Ramin ya yi ta rassa, ya hau, ya sauka. A kowace mararraba sai ya durƙusa ya shafa. Yana tafe yana ganin ramukan suna sauya kama: na farko ƙanana ne a kwance kusa da sama, can gaba suka zama masu zurfi, wasu da ƙofa biyu, wasu da ɗakuna. Daga baya ya fara ganin sawun masu ƙafafu a kan na tsutsa, sannan masu ɓawo, sannan masu ƙaya. Har ya fito wani fili mai haske.

Bangon wurin ruwa ne. Ruwa tsaye, garai-garai, daga ƙasa har sama, ba abin da ya tare shi. A gabansa wata tsohuwa ce zaune a kan ƙoƙon bayan wani ƙaton kunkuru, gashinta fari ya zubo har ƙasa ya zama gishiri. Ƙurungu yana tsaye a damanta. A tafin hannunta ga 'yar tsutsar nan tana motsi.

Bagudu ya zube ya yi gaisuwa. "Ranki ya daɗe, Magajiyar Zurfi."

"Ka iso, ɗan masu jefa mushe. Ka san wannan?"

"Tsutsa ce, ranki ya daɗe."

"Tsutsa ce, in ji ka, kamar ka ce tsumma. Saurara. Ka ga ƙasar masu kwanciya. Haka gindin teku ya zauna zamani bayan zamani, a rufe, a ruɓe. Sai Ubangiji ya fito da wannan. Ya yi mata kai da wutsiya, gaba da baya, dama da hagu, baki a nan, mafita a can. Ita ce ta fara sanin inda ta dosa. Ta huda abin da ba a taɓa hudawa ba, iska ta shiga laka, abincin da ke binne ya taso, teku ta cika da masu rai iri-iri. Kifi, kada, jakin gidanku, kai kanka, duk a kan wannan ƙirar aka tsara ku: kai a gaba, ciki a tsakiya. Ba ta da ƙashi, don haka jikinta bai saura ba. Aikinta ne ya saura. Jikokinta sun yi ta haƙa har zuwa tekun ƙarshe da ta kwanta a inda garinku yake, su ne suka bar sawun da ke rufinmu. Da tekun za ta janye, aka ba ni ajiyar ruwan daɗin da ke tsatsafowa ta ramukansu, aka ce in riƙe wa masu haƙa da za su zo. Na riƙe. Masu haƙa suka zo, suka ga aikin kakar sana'arsu, suka rufe ido."

Ta buga tafin ƙafarta, bangon ruwan ya girgiza.

"Ranki ya daɗe, ki ba ni ruwan. In la'asar ta yi za su cike rijiyar, garin ya watse."

"Ba zan ba ka ba."

Bagudu ya miƙe zumbur. Ƙurungu ya motsa gashin baki, sai Bagudu ya koma ya durƙusa.

"Dutsen ba zai fashe a hannunka ba ko ka shekara kana sara," in ji Magajiya. "Hannun da ya binne shi ne zai buɗe shi, kuma da ido a buɗe. Sharaɗi na biyu: ba za ka ambaci sunana ba, ko na zagina, ko abin da ka gani a nan. In ka ce aljanu sun yarda a haƙa, za su haƙa, na sani. Gobe kuma wani ya ce aljanu sun hana, su daina. Na gaji da zama dalilinku. Dutsen ya ishe ku hujja. Ranar da ka buɗe baki a kanmu, ruwan ya koma gishiri."

"Baba ba zai saurare ni ba. Na ci masa mutunci a gaban jama'a."

"Wannan kuma ramin da ka haƙa ne. Je ka."

Ta hura masa iska a fuska.

Ya farka a gindin rijiya, diga a gefensa, dunduniyarsa tana zogi. Igiya babu, an janye. Can sama bakin rijiyar ya yi kamar faranti, ana jin ladan yana ƙarasa kiran la'asar. Wata inuwa ta leƙo, da kwando a hannu. 'Yar ƙasa ta zubo masa a ka.

"Baba!"

Aka ji gudun mutane da salati. Muryar mai gari ta taso: "Ba shi ba ne, Sarkin Haƙa! Tun azahar muka jawo igiya ba kowa. Su ne suke kwaikwayon muryarsa. Zuba!"

Kalma ɗaya ce ta zo wa Bagudu a baki: sun yarda. Da ya faɗe ta, da an gama. Ya haɗiye. Bayanta zagi ya taso, na mai gari, na garin duka, har ya ji ɗacinsa a harshe. Shi ma ya haɗiye.

"Baba, ni ne, ɗan autan Inna Ige. Na sari dutsen sau uku, ko ƙwarzane bai yi ba. Ban iya ba. Abin da na faɗa maka da safe a gaban mutane, ban kyauta ba, ka yafe mini. Abu ɗaya nake roƙo. Ka sauko ka taɓa shi da hannunka. In ka ce rubutu ne, ka hau ka zuba ƙasar, ba zan ƙara magana ba."

Sai inuwar kwandon ta janye. Aka ji mai gari yana cewa, "Nomau, kana da hankali kuwa?" Aka ji Nomau ya ce, "Riƙe mini igiya, Korau, ko ka matsa a riƙe."

Tsohon ya sauko a hankali, idonsa a runtse gam, bakinsa yana motsi da ban haƙuri. Da ya dira, ya lalubo fuskar ɗansa ya shafa, ya ja kunnensa da ƙarfi har Bagudu ya ce wash.

"Kai ne," in ji shi. "Aljani ba ya wannan raki."

Bagudu ya kama hannun uban, suka durƙusa tare. Ya ɗora ɗan yatsan tsohon a kan ɗaya daga cikin zanen. Tsohon ya bi zanen har ƙarshe, ya dawo. Ya sake bi, wannan karon a hankali, yana tsayawa a kan kowane lanƙwasasshen layi.

"Wannan ai turi ne," in ji Nomau ƙasa-ƙasa. "An haƙa gaba, an turo ƙasar baya, an danne. Haka muke yi in muna ramin gefe, don kada ya rufto." Yatsan ya ƙara gaba. "Nan ya ci karo da tauri, ya kauce. Nan ya sami laushi, ya miƙe." Ya gyaɗa kai. "Wannan ɗan sana'a ne."

Ya buɗe ido.

Ya daɗe yana kallon dutsen. Bagudu ya ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya ga haƙoransa sun datse. Bai taɓa ganin irin wannan fushin a fuskar ubansa ba, kuma ya san ba da shi ake ba.

"Shekara arba'in," in ji Nomau.

Ya ɗauki diga. Bai sara inda Bagudu ya sara ba. Ya bi dutsen yana ƙwanƙwasawa da ƙota, kunnensa a ƙasa, har ya zo inda ramukan suka fi yawa suka sarƙe, wurin ya amsa da wani amo daban. Ya tofa yawu a tafi, ya yi bismilla da ƙarfi, ya kai sara. Dutsen ya tsage. Ya ƙara, wani ɓangare ya nitse. Danshi ya fito ta tsagar, ya zama gumi, ya zama ɓulɓula, sai ruwa ya taso fari tas, sanyinsa har cikin ƙashi. Nomau ya kamfata ya kai baki. Ba gishiri.

"Sarkin Haƙa!" Muryar mai gari ce daga sama. "Me suka ce maka?"

Nomau ya ɗaga kai, ruwa ya riga ya kai masa idon sawu.

"Ba wanda ya ce mini komai! Ka tura mai keke ya bi hanyar tafki, duk macen da ya samu da tulu ya ce ta juyo. Sannan a zuro guga!"

Sama ta kaure da ihu da guɗa. Bagudu ya miƙa hannu zai karɓi diga don ya faɗaɗa tsagar. Tsohon ya buge hannun.

"Sakar mini. Kai da ko riƙon ƙota ba ka iya ba." Ya sunkuya ya ɗago ɓangaren dutsen da ya ɓalle, ya goge sawun tsutsar da babban yatsa, ya miƙa masa da hannu biyu. "Riƙe wannan da kyau, kada ya karye. Kai za ka fara hawa. Ka kai wa Korau, ka ce na ce ya buɗe ido."